Darasi na Bakwai: Cizon Kare, Yakushinsa da Cutar Haukar Kare

Manufar darasi

Wannan darasi yana bayyana dalilan da ke sa kare ya yi cizo ko yakushi, da cututtukan da kan biyo bayan haka, da matakan da ya wajaba a ɗauka tun daga lokacin da haƙori ko farce ya taɓa fata har zuwa kammala allurai a asibiti. Ana sa ran wanda ya karanta shi zai iya gane alamun da kare ke nunawa kafin ya kai cizo, ya iya ba da taimakon farko yadda ya kamata, ya kuma fahimci abin da ya sa rigakafin karnuka ya zama nauyi a kan al'umma baki ɗaya.

1. Kare a rayuwar mutanen Gwarzo da Kabo

Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo suna yammacin Jihar Kano, a yankin da hanyar Kano zuwa Dayi ta ratsa kafin ta shiga Jihar Katsina, kuma mafi yawan mazaunansu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. A irin wannan rayuwa kare yana da aiki sananne, domin mafarauta suna fita daji da shi da rani bayan an kawar da amfanin gona, makiyaya suna ajiye shi a ruga ya tsare garke da dare, wasu magidanta kuma suna barin sa a bakin gona ko kusa da turken dabbobi saboda ɓarayi. Malaman addini sun daɗe suna bayyana halascin ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron shuka, kamar yadda suke bayyana haramcin azabtar da dabba ko barin ta da yunwa.

Abin da ke jawo matsala shi ne yadda ake riƙon karnukan. Yawancinsu suna da masu su, amma ba a killace suke ba, saboda haka da rana sukan bazu zuwa juji da mahauta da bayan kasuwa neman abinci, inda suke haɗuwa da karnukan wasu ƙauyuka, su yi faɗa, su ciji juna, sannan kowanne ya koma gidansu da dare. Ranar da babbar kasuwa irin ta Getso ta ci, ko lokacin da tawagar farauta ta haɗa mutanen Kutama da Lakwaya da Garo da na maƙwabtan garuruwan Katsina, karnukan da ba su taɓa ganin juna ba sukan cakuɗu. Ta wannan hanya ce cutar da ta ɓulla a ƙauye ɗaya take isa wani ƙauyen ba tare da kowa ya ankara ba.

2. Dalilan da ke sa kare cizo

Da wuya lafiyayyen kare ya yi cizo haka siddan, kuma masana halayyar dabbobi sun gano cewa tsoro ne ya fi komai jawo shi. Karen da aka rutsa a lungu, ko aka taso shi da jifa, ko aka tashe shi daga barci ba zato, idan ya ga babu hanyar gudu sai ya kāre kansa da haƙori. Wannan ne ya sa al'adar da yara suke da ita ta bin kare da duwatsu take da haɗari ninki biyu, domin tana iya jawo cizo nan take, kuma tana koya wa karen cewa duk yaron da ya gani abokin gaba ne.

Dalili na biyu shi ne tsaron abin da kare yake ganin nasa ne, wato abincinsa da makwancinsa da gidan ubangidansa, sai kuma 'ya'yansa, waɗanda ya fi tsananta a kansu. Karyar da ta haihu a ƙarƙashin rumbu ko a bayan danga tana iya zama mai sauƙin kai duk tsawon shekara, amma a makonnin da take shayarwa, yarinya mai talla da ta shigo gidan ta sunkuya don ta ɗauki kwikwiyo tana iya samun cizo a hannu ko a fuska kafin matan gida su ce mata a'a. Dalili na uku shi ne ciwo, domin karen da ya dawo daga farauta da ƙaya a ƙafa, ko karaya, ko gyambo a kunne, yakan ciji ko da mai shi ne idan ya taɓa wurin. Na huɗu kuwa ɗabi'ar bin abin da ke gudu ce, wadda ita ce ta sa kare ya dace da farauta tun asali, ita ce kuma take sa shi bin mai keke ko mai babur ko yaron da ya ruga a guje yana ihu. Akwai kuma cizon wasa, wanda aka fi gani ga kwiyakwiyai a watannin da suke famfarar haƙora, lokacin da haƙoran nono 28 suke zubewa, na girma 42 suke fitowa. Dalili na ƙarshe, wanda ya fi dukansu muni, shi ne cutar da ta taɓa ƙwaƙwalwar karen, kuma bayaninta yana tafe a gaba.

Kafin lafiyayyen kare ya kai cizo yakan yi gargaɗi da jikinsa. Yakan sandare wuri ɗaya, ya kafe mutum da ido, gashin bayansa ya miƙe, ya yaƙe haƙora yana gurnani, ko kuma ya kwantar da kunnuwa ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu idan tsoro ne ya kama shi. Wanda ya ga waɗannan alamu ya kamata ya tsaya cik, ya sauke hannuwansa a jikinsa, ya kawar da idonsa gefe, sannan ya ja da baya sannu a hankali ba tare da gudu ba. Idan kare ya kayar da yaro, abin da ake koya masa shi ne ya dunƙule jikinsa, ya rufe fuska da wuya da hannuwansa.

3. Yakushi da susa

Faratan kare ba sa komawa ciki kamar na kyanwa, saboda haka idan ya yi tsalle ya dafa mutum don murna ko wasa ko neman abinci yakan bar karce a fata. Mutane da yawa suna raina irin wannan rauni saboda jini bai zuba ba, alhali kare yana yawan lasar ƙafafunsa, yana kuma tona ƙasa da su, don haka faratansa suna iya ɗauke da miyau da dattin ƙasa a lokaci guda.

Haka nan akwai karen da ke yawan susa da cizon jikinsa har gashinsa ya zube. Galibi ƙuma ce ko kaska ko ƙazuwa ke sa shi haka, wani lokaci kuma makero, wato cutar fata mai fitowa da zagayayyen tabo, wadda yara kan iya ɗauka idan suna wasa da dabbar. Karen da ƙaiƙayi ya hana sukuni yakan zama mai saurin fushi, saboda haka yi masa magani wajen malamin dabbobi hanya ce ta rage cizo a gida, ban da kasancewarsa haƙƙin dabbar a kan mai ita.

4. Cututtukan da ke biyo bayan cizo

Haɗari na farko shi ne ruɓewar rauni. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta na bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma fiƙarsa tana huda nama da zurfi ta bar ƙaramar ƙofa a waje, ta yadda ƙwayoyin kan sami mafaka a ciki. Idan wurin ya kumbura, ya yi ja da zafi, ko ya fara fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, alama ce ta cewa raunin ya harbu, kuma cizon hannu da yatsu ya fi saurin yin haka. Haɗari na biyu shi ne cutar sarƙe haƙora, wadda ƙwayoyinta suke zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, suke kuma bunƙasa a rauni mai zurfi, har su sa muƙamuƙi da sauran jiki su sandare. Haɗari na uku shi ne cutar haukar kare, wadda ita ce ginshiƙin wannan darasi.

5. Cutar haukar kare da yadda take aiki a jiki

Ƙwayar bairas ce ke haddasa wannan cuta, wato wani nau'in ƙwayar cuta da ya fi bakteriya ƙanƙanta ƙwarai, wanda magungunan kashe bakteriya ba sa yi masa komai. Tana zama a cikin miyan dabbar da ta kamu, tana kuma shiga jikin mutum ta cizo ko yakushi, ko ta lasar fatar da ke da rauni, ko idan miyan ya faɗa ido ko hanci ko baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na waɗanda suka kamu daga kare suka same ta. Kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, saboda su ne suka fi wasa da karnuka, su ne kuma suka fi ɓoye rauni don tsoron faɗan iyaye.

Bayan ƙwayar ta shiga, ba ta bin jini, jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa laka da ƙwaƙwalwa take bi sannu a hankali, kamar wutar da ta kama gindin danga tana ci tana matsawa wajen rumbu, wadda ake iya kashewa matuƙar ba ta isa ba. Wannan tafiya takan ɗauki wata biyu zuwa uku, ko da yake tana iya gajarta zuwa mako ɗaya ko ta kai shekara, kuma takan fi sauri idan cizon ya kasance a fuska ko wuya ko kai ko yatsu. A duk tsawon wannan lokaci raunin yana iya warkewa sarai, mutum yana zuwa gona da kasuwa cikin ƙoshin lafiya, abin da ke sa iyalai da yawa su ɗauka an tsallake. Alamun farko su ne zazzaɓi da ciwon kai da ƙaiƙayi ko zugi a tabon da ya riga ya warke, daga nan sai firgita da ruɗewa da tsoron ruwa, inda maƙogwaron majinyaci ke shaƙewa da zarar ya yi yunƙurin sha alhali ƙishirwa na damunsa. A wasu mutane kuma cutar takan zo da shanyewar gaɓɓai a hankali. Da zarar alamun sun bayyana, kusan babu mai tashi, kuma saboda an manta da cizon da ya auku watanni baya, akan jingina abin ga iskoki ko sammu. Majinyacin da ya kai wannan mataki yana bukatar a kai shi asibiti a sassauta masa raɗaɗi cikin tausayi da mutunci, masu jinyarsa kuma su kiyaye taɓa miyansa.

A jikin kare cutar tana da fuska biyu. A ta farko halinsa yakan sauya, ya riƙa yawo ba manufa, ya kai wa duk abin da ya gifta hari ba tare da gargaɗi ba, ya ciji itace da dutse, muryar haushinsa ta canza, miyau na dalala. A ta biyu kuwa yakan yi lakwas, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya, ƙafafun bayansa su shanye. Wannan fuska ta biyu ta fi yaudara, domin mafarauci yana iya zaton ƙashi ne ya maƙale wa karensa, ya zura hannu cikin bakin don ya ciro, miyau ya shiga tsagar da ke yatsansa. Haka abin yake ga makiyayi idan saniyar da kare ya ciza makonni baya ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa, tana dalalar da miyau, ta kasa cin harawa. Shanu da awaki da tumaki da jakuna da kyanwa duk suna kamuwa, saboda haka bai dace a yi gaggawar yanka irin wannan dabba a kai mahauta ba, domin mai yanka da mai fiɗa suna cikin haɗari.

6. Abin da ake yi idan an yi cizo ko yakushi

Mataki na farko, wanda ba ya bukatar kuɗi, shi ne wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. Sabulun wanki na gida ya wadatar. Mutum ɗaya ya riƙa tsiyaya ruwa daga buta ko bokiti, wani yana cuɗa kumfa cikin raunin da gefensa, ruwan yana gangarewa ƙasa, kuma a duba agogon waya, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Sabulu yana lalata ɓawon ƙwayar cutar, ruwa kuma yana fitar da miyan da ya shiga. Bayan haka a shafa aidin idan akwai. Ba a zuba barkono ko toka ko kanwa ko man fetur, ba a ɗora gashin karen da ya yi cizon kamar yadda ake yi a wasu wurare, ba a kuma tsotse raunin da baki, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kashe ƙwayar, sai ma ƙara datti da ɓata lokaci.

Mataki na biyu shi ne zuwa asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Idan asibitin ƙauye ba shi da allurar, a nemi a tura majinyaci gaba, zuwa Babban Asibitin Gwarzo ko manyan asibitocin birnin Kano. Ma'aikatan lafiya suna kasa haɗuwa da dabbar da ake zargi gida uku. Idan taɓawa ce kawai ko lasa a lafiyayyar fata, wanki ya isa. Idan karce ne ko ɗan cizon da bai fitar da jini ba, sai an yi allurar rigakafi. Idan kuwa haƙori ko farce ya huda fata, ko miyau ya shiga rauni ko ido ko baki, to bayan allurar ana bukatar wani ruwan magani mai suna imiyunogulobulin, wato garkuwar da aka riga aka haɗa, wadda ake tsirawa a cikin raunin da kewayensa don ta tare ƙwayar kafin jiki ya gina tasa garkuwar. Allurar rigakafin ana yin ta ne sau da yawa, galibi a ranar farko, sai bayan kwana 3, sai bayan kwana 7, a wasu tsare-tsaren kuma a ƙara bayan kwana 14 zuwa 28. A dantse ake yin ta, ko a cinya ga ƙananan yara, ba a ɗuwawu ba, kuma ba ta da illa ga mai ciki ko mai shayarwa ko jariri. Tilas ne a kammala ta a kan ranakun da aka rubuta, a kuma karɓe ta daga inda ake ajiye ta cikin firiji, domin zafi yana kashe ƙarfinta. Likita zai duba bukatar allurar sarƙe haƙora da maganin ruɓewar rauni, kuma galibi ba a gaggauta ɗinke irin wannan rauni. Wanda aka ciza makonni da suka wuce bai je asibiti ba, har yanzu ya kamata ya je, matuƙar alamun cutar ba su fara ba.

Mataki na uku ya shafi karen. Idan an san mai shi kuma yana da alamar lafiya, a killace shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa, domin karen da cutar ta riga ta sauko cikin miyansa yakan nuna alamu ko ya mutu cikin wannan wa'adi. Sai dai ba a jinkirta fara allura don jiran sakamakon, likita ne kaɗai zai ce a dakata idan karen ya cika kwanakin lafiya lau. Idan karen ya mutu ko an kashe shi, kada a fasa kansa ko a taɓa shi da hannu tsirara, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, saboda ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa a ɗakin bincike, kamar na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924.

7. Rigakafin karnuka da nauyin al'umma

Tun ranar 6 ga Yuli 1885, lokacin da masanin kimiyya na Faransa Louis Pasteur ya yi wa yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu, duniya ta san cewa ana iya tare wannan cuta. Sai dai allurar mutane tana da tsada, kuma tana ceton wanda aka ciza ne kawai, ba ta hana karen cizon wani gobe. Allurar karnuka ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma bincike ya nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, aka kuma dinga maimaitawa, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa ta mutu. Ta haka ne Meziko ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar, a 2019, cewa ta kawar da haukar kare da ake ɗauka daga karnuka a matsayin matsalar lafiyar jama'a. Hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya sun sa shekarar 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan cuta, kuma a kowace shekara ana ware ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya mutu a 1895, domin wayar da kai a kanta.

Ana fara yi wa kwikwiyo allura yana da wata uku, a maimaita kowace shekara, a kuma adana katin shaida. Kashe karnuka barkatai ko zuba musu guba ba ya kawar da cutar, domin wasu karnukan da ba su da rigakafi sukan cike gurbin cikin ɗan lokaci, gubar kuma tana iya halaka yara da dabbobin gida. A yanki irin Gwarzo da Kabo, waɗanda suka fi kowa sanin inda karnuka suke su ne sarakunan farauta da arɗo-arɗo da sarakunan fawa da masu unguwanni, saboda haka idan suka haɗa kai da dagatai da hakimai da limamai, tara karnuka a rana ɗaya don allura ba zai gagara ba, musamman kafin a buɗe farautar rani.

Taƙaitawa

Cizon lafiyayyen kare yana da dalilai da alamun gargaɗi da za a iya koya wa yara su kauce masa, amma da zarar fata ta tsage, ƙanƙantar rauni ko kyan ganin kare ba hujja ba ce ta zama a gida. Wankin minti 15 da sabulu, da zuwa asibiti a ranar, da kammala allurai, su ne ke tsakanin wanda aka ciza da cutar da ba ta da magani bayan ta bayyana, yayin da allurar karnuka kowace shekara take kāre garin baki ɗaya.

Tambayoyi

1. A kawo dalilai huɗu da ke sa lafiyayyen kare cizo, tare da alamun da yake nunawa kafin ya kai hari.
2. Me ya sa warkewar rauni ba ta nuna cewa mutum ya tsira daga haukar kare?
3. A bayyana haɗarin da ke cikin zura hannu a bakin kare ko saniyar da ta kasa haɗiya.
4. Waɗanne abubuwa ne ba a sa wa raunin cizon kare, kuma saboda me?
5. Me ya sa allurar karnuka ta fi kashe su amfani wajen kawar da cutar?

Aikin aji

Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni bisa unguwanninsu, kowane rukuni ya ƙidaya gidaje da rugagen da ke da karnuka, ya rubuta adadinsu da waɗanda aka taɓa yi wa allura, ya kuma binciko asibiti mafi kusa da ake samun allurar mutane. A haɗa sakamakon a takarda ɗaya, a miƙa wa mai unguwa da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma tare da neman a sa ranar rigakafi.